Cefane A Kado: Yadda Magidanta Ke Neman Abinci Mai Gina Jiki Da Kuɗi Kaɗan

ABUJA — Kasuwar kifi ta Kado, wadda ke tsakanin unguwannin Jabi, Life Camp da Gwarinpa a Babban Birnin Tarayya, ta yi suna wajen sayar da kifi iri-iri. A can ake samun tarwaɗa mai rai cikin manyan robobi, da karfasa, da banda wadda ake kawowa daga yankunan ruwa na arewa, da kuma kifin ƙanƙara da ake shigowa da shi daga ƙasashen waje, wato titus, kote, shawa da panla. Masu otal-otal da gidajen abinci su ne ke saye katan-katan, amma akwai ɗimbin magidanta da matan aure da ke shiga kasuwar domin neman abin miyar kwana biyu ko uku kawai. Tun daga tsakiyar shekarar 2023 wannan rukuni na biyu ya shiga wani hali. Wanda ya saba sayen kilo guda ya koma rabi, wanda ya saba da titus ya koma shawa, wasu kuwa sun daina tambayar farashi ma, sai su wuce wurin masu kayan miya.

Kado unguwa ce mai fuska biyu. Akwai rukunin gidaje na ma'aikatan gwamnati da na kamfanoni, sa'an nan akwai tsofaffin matsugunai irin su Kado-Kuchi, inda Gbagyi 'yan asalin ƙasar ke zaune tare da masu gadi, direbobi, leburorin gini, 'yan tireda da masu tura ruwa. Samunsu ya bambanta nesa ba kusa ba, amma dukkansu da farashin cikin birni suke saye. Bugu da ƙari, kuɗin haya da na mota da na makarantar yara ba su jin rarrashi, saboda haka duk lokacin da albashi ya gaza, tukunya ce ke fara biyan bashin. Tambayar da ke gaban mai gida a nan ita ce, wane abu za a rage daga cefane ba tare da an taɓa lafiyar iyali ba.

Musabbabin wannan matsi sananne ne. Ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya bayyana janye tallafin man fetur. Litar da ake saye ƙasa da Naira 200 ta kai Naira 617 a Abuja cikin watan Yuli na shekarar, ta kuma haura Naira 1,000 a watan Oktoba na 2024. A watan Yuni na 2023 Babban Bankin Nijeriya ya saki Naira ta nemi darajarta a kasuwa, dalar Amurka da ke kan kimanin Naira 460 a farashin hukuma ta wuce Naira 1,500 a farkon 2024. Ana cikin haka sojoji suka yi juyin mulki a Jamhuriyar Nijar a watan Yuli na 2023, aka rufe kan iyaka har zuwa watan Maris na 2024, lamarin da ya tsayar da wani ɓangare na cinikin dabbobi da wake da albasa. Ga kuma 'yan bindiga da suka hana noma a sassan Zamfara, Katsina, Kaduna da Neja. Abuja ba ta noma abin da zai ciyar da ita, kusan komai a mota yake zuwa, don haka kowane ɗaya daga cikin waɗannan abubuwa sai da ya bayyana a kan teburin mai kayan miya. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashin abinci ta kai kashi 40.87 cikin 100 a watan Yuni na 2024.

Akwai wani ma'auni da hukumar ta riƙa fitarwa wanda ya fi wannan amfani ga mai cefane, wato mafi ƙarancin kuɗin da baligi guda zai kashe a rana ya ci abinci mai lafiya. Ana duba farashin kasuwanni, a zaɓi mafi araha daga kowane rukunin abinci, hatsi da dangoginsa, wake da gyaɗa, ganyaye, 'ya'yan itatuwa, nama ko kifi ko ƙwai ko madara, da kuma mai, sa'an nan a haɗa jimla. A watan Oktoba na 2023 jimlar ta tsaya a kan Naira 703. A watan Maris na 2024 ta kai Naira 982, a watan Yuni kuma Naira 1,241. Idan aka lissafa wannan adadi na ƙarshe a kwana 30, za a samu Naira 37,230, alhali a wancan watan mafi ƙarancin albashi Naira 30,000 ne. Ke nan albashin bai isa ya ciyar da ma'aikacin shi kaɗai yadda ya kamata ba, balle matarsa da 'ya'yansa. Ko da aka ɗaga albashin zuwa Naira 70,000 a watan Yuli na 2024, bai kai kuɗin abincin manya biyu ba. Ya kamata a lura kuma cewa lissafin bai haɗa da kuɗin makamashin girki da na motar zuwa kasuwa ba.

Matsalar ba ta Nijeriya kaɗai ba ce. Rahoton da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya suka fitar a 2024 ya nuna cewa fiye da mutum biliyan 2.8 a duniya ba su iya sayen abinci mai lafiya ba a shekarar 2022. Sai dai a nan gida nauyin ya fi yawa, domin binciken Hukumar Ƙididdiga na 2019 ya nuna cewa fiye da kashi 56 cikin 100 na abin da iyalai ke kashewa a kan abinci yake tafiya, tun kafin wannan tsada ta zo.

Abin da ya fi ɗaukar hankali a cikin rahotannin hukumar shi ne yadda kuɗin ya rarrabu. Abincin da ake samu daga dabbobi shi ke cinye fiye da kashi ɗaya cikin uku na kuɗin, ga shi kuwa kashi 13 cikin 100 kawai yake bayarwa na ƙarfin da jiki ke buƙata. Rukunin wake, gyaɗa da riɗi shi ne mafi araha, bai kai kashi ɗaya cikin goma na jimlar ba. Duk wata dabarar cefane mai ma'ana daga nan take farawa.

Dalilin tsadar kifi a Kado bai ɓoyu ba. Jami'an gwamnati sun sha bayyana cewa ƙasar nan na buƙatar kimanin tan miliyan 3.6 na kifi a shekara, abin da ake samarwa a gida kuwa bai wuce kashi ɗaya cikin uku na wannan ba. Titus da kote da shawa da panla daga tekunan waje suke zuwa, da dala ake biya, a sauke su a Legas, a ɗauko su cikin motocin sanyi masu shan man gas, a ajiye su a ɗakunan sanyi da ke cin wutar lantarki dare da rana. A watan Afrilu na 2024 aka ƙara kuɗin wuta ga masu rukunin farko zuwa fiye da Naira 200 a kan kowane ma'auni, wanda kuwa ba ya samun wutar sai ya tayar da janareta. Duk waɗannan kuɗaɗe suna cikin kilon kifin da ake ɗorawa a sikeli. Tarwaɗar gida ma ba ta tsira ba, domin abincin kifi ne ke cinye mafi yawan jarin mai kiwo, shi kuwa abincin da masara da waken suya da garin kifi ake haɗa shi. Banda kuma ta yi ƙaranci tun lokacin da rikicin Boko Haram ya durƙusar da cinikin kifin Baga na tsawon shekaru, aka koma dogaro da Kainji, Yauri da kogin Binuwai.

Duk da haka, barin kifi gaba ɗaya kuskure ne. Akwai sinadarai, musamman bitamin B12 da sinadarin ƙarfe mai saurin shiga jini, waɗanda tsirrai ba su wadatar da su, mata masu ciki da ƙananan yara kuwa su suka fi buƙatarsu. Abin da masana abinci ke ba da shawara shi ne kaɗan-kaɗan a kai a kai, maimakon a tara a ci da yawa ranar da aka karɓi albashi. Shawa, wadda wasu ke rainawa saboda ƙaya, tana cikin kifaye masu maiƙo kamar titus, amfaninta ga zuciya bai gaza nasa ba, kuma galibi ta fi shi sauƙin kuɗi. Ƙananan busassun kifaye da ake dakawa tare da ƙashinsu a zuba a miya suna ba da sinadarin da ke ƙarfafa ƙashi, ba su buƙatar firiji, cokali biyu ya isa ya canza tukunyar kuka. Hanta ma haka take, ɗan yanki sau ɗaya a mako ya fi tarin tsoka amfani wajen ƙarin jini. Ƙwai ya yi tsada ƙwarai a 2024, lokacin da kiret ya haura Naira 5,000 bayan gonakin kaji da yawa sun rufe, amma har yanzu ƙwai guda da aka bai wa yaro ya fi kwalbar lemo da za a saya masa da irin wannan kuɗin.

Ginshiƙin tukunyar mai ƙaramin ƙarfi dai wake ne. Nijeriya ce kan gaba a duniya wajen noman sa, kuma busasshen wake kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsa sinadarin gina jiki ne. Kilo guda na wake yana ɗauke da fiye da giram 200 na wannan sinadari, ya zarce abin da za a samu a kilon ɗanyen kifi bayan an cire kai da ƙaya. Ko a watan Yuni na 2024, lokacin da farashin kilon jan wake ya ninka fiye da sau uku cikin shekara guda ya kai kusan Naira 2,300, bai kai nama tsada ba. Waken suya ya ma fi shi, domin fiye da kashi ɗaya cikin uku na nauyinsa sinadarin gina jiki ne. Wannan ba shi ne karo na farko da tsada ta tura jama'a gare shi ba. A zamanin shirin gyaran tattalin arziki da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta ƙaddamar a 1986, lokacin da nama da madarar gwangwani suka gagari ma'aikaci, Cibiyar Binciken Aikin Gona ta IITA da ke Ibadan ta duƙufa wajen koya wa iyalai sarrafa waken suya. Awara da a yau ake soyawa a kowane lungu na garuruwan arewa ta zama naman talaka, kuma mudu guda na waken suya yana fitar da awarar da za ta ishi gida guda har da saura.

Wani abin sha'awa shi ne yadda girkin gargajiya ya riga masana gano hikimar haɗa hatsi da wake. Hatsi yana da ƙarancin wani sinadari da wake ke da shi a wadace, shi ma waken yana da giɓin da hatsi ke cikewa, idan aka haɗa su sai a samu abin da ya kusanci nama. Shinkafa da wake, ɗanwake, ƙosai da koko, alale, faten wake, kunun gyaɗa, duk a kan wannan ƙa'ida suke. Haka nan garin kunun yara da asibitoci da ƙungiyoyin agaji ke koya wa iyaye mata, wanda ake soya gero ko dawa ko masara tare da waken suya da gyaɗa a niƙa, ya fi abincin jarirai na gwangwani araha ninkin ba ninkin. Daddawa da ƙuli-ƙuli su ma ba kayan ɗanɗano kawai ba ne.

A ɓangaren hatsi, mazauna Abuja sun ɗaure wa kansu shinkafa da burodi da taliya, waɗanda farashinsu ke bin dala ko kuma manufofin kan iyaka, kamar yadda aka gani lokacin da aka rufe iyakokin ƙasa daga watan Agusta na 2019 zuwa Disamba na 2020. Alkamar burodi da taliya kusan dukkanta daga waje take. Gero, dawa da masara kuwa a gida ake noma su, galibi sun fi shinkafa sauƙi a mudu, kuma idan ba a surfe su fiye da kima ba suna riƙe ciki, suna ɗauke da dusar da ke taimakon hanji. Dankalin Hausa, musamman mai jan ciki, yana da bitamin A. Acca da ake kawowa daga Filato da kudancin Kaduna tana da farin jini wurin masu ciwon sukari, sai dai farashinta ya fitar da ita daga lissafin mai neman araha.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi na buƙatar aƙalla giram 400 na ganyaye da 'ya'yan itatuwa a rana. Mutane da yawa idan suka ji haka sai su tuna da tuffa da inabi na manyan kantuna, su ce wannan sai masu hali. Alhali zogale, rama, yakuwa, alayyahu, lalo, kuɓewa, kabewa da garin kuka duk suna cikin lissafin, kuma da damina ƙullinsu bai taka kara ya karya ba. Kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli cikakken abinci ne. Mangwaro a bazara, gwaiba da lemo idan lokacinsu ya yi, kankana da gwanda, kowanne yana da watannin da yake yin araha, wanda ya bi kakar kowane ɗa ba zai rasa abin ci ba. Tumatir ne ya fi wahalar da matan Abuja. Da rani yana zuwa a wadace daga Kadawa da Kura a Jihar Kano da sauran wuraren noman rani, da damina kuwa sai ya yi tashin gwauron zabo, balle in tsutsar nan mai cinye ganyensa ta faɗa wa gonaki kamar yadda ta yi a 2016 da 2024. A watan Yuni na 2024 farashinsa ya ninka na shekarar da ta gabata fiye da sau huɗu. Masu dabara sukan sayi kwando lokacin araha, su yanka su shanya a yi kauɗa, ko su niƙa su tafasa su adana. Wasu kuma sukan koma miyar kuka da kuɓewa da taushe har farashin ya sauko.

Akwai ƙananan halaye na girki da ke zubar da abin da aka riga aka biya kuɗinsa. Tafasa ganye a zubar da ruwan, ko soya manja har ya yi fari, ko yawaita kanwa domin wake ya yi saurin nuna, duk suna kashe wasu sinadarai. Jan launin manja shi ne alamar abin da jiki ke mayarwa bitamin A. Shan shayi a kan abinci yana hana sinadarin ƙarfe shiga jini, ɗan lemon tsami kuwa yana taimaka masa. Jiƙa wake tun da dare yana rage lokacin dahuwa, wannan kuwa kuɗi ne, domin tukunyar iskar gas mai kilo 12.5 ta haura Naira 15,000 a 2024, gawayi ma ya bi sahu.

Gwamnati ta daɗe da sanya wasu sinadarai cikin kayan masarufi ta hanyar doka. Tun 1993 aka wajabta sanya aidin a gishiri domin maganin maƙoƙo, a 2002 kuma aka wajabta ƙara bitamin A a fulawa da sukari da man girki, ana gane su da tambarin ido a jikin leda ko galan. Matsalar ita ce mai ƙaramin ƙarfi ya fi sayen man da ake aunawa a kwalba daga durom, wanda ba a san asalinsa ba. A nan ƙarin 'yan Nairori a kan man da ke da lambar NAFDAC ba almubazzaranci ba ne.

Inda kuɗi ke zurarewa ba a sani ba shi ne saye da ƙananan awo. Wanda ke sayen gwangwanin shinkafa da ƙullin mai da ledar madara kullum yana biyan ribar hannu uku ko huɗu, shi ya sa talaka ke sayen abinci da tsada fiye da mai kuɗi. Mudu kuma ba ɗaya ba ne, na wannan kasuwa ya bambanta da na waccan, wani ma an bubbuge gindinsa. Daga Kado ana iya zuwa Karmo, ko Dei-Dei a kan hanyar Kubwa, ko kasuwar Gosa ta hanyar filin jirgin sama wadda ke cika ranar Juma'a, ko Zuba domin kayan marmari, ko Mararaba a Jihar Nasarawa domin kayan gwari. Farashi a waɗannan wurare ya fi na Wuse da Utako sauƙi, amma wanda ya je shi kaɗai domin mudu biyu, kuɗin mota zai cinye ribar. Saboda haka maƙwabta da abokan aiki suka farfaɗo da tsohuwar al'adar haɗa hannu. Gida biyar ko shida su tara kuɗi, mutum guda ya je ya sayo buhun wake da kwandon tumatir da katan ɗin kifi, a dawo a raba. Watanda, wadda a da sai da Sallah ake yin ta, ta zama abin kowane wata a wasu ofisoshi, a sayi sa a yanka a kasa. Adashin kayan abinci da ake kwashewa da kaka, lokacin da hatsi ya fi araha, shi ma ya samu karɓuwa.

Sayen buhu yana zuwa da tasa matsalar, wato ajiya. Ƙwari na iya cinye wake cikin 'yan watanni, wannan ne ya sa wasu 'yan kasuwa ke zuba masa maganin ƙwari mai guba. A kan haka Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Nijeriya a 2015, a 2018 kuma aka yi ta cece-kuce a cikin gida bayan an ga yadda ake yayyafa wa wake irin wannan magani. Akwai hanyar da ba ta buƙatar guba ko kaɗan, wato buhu mai ruɓi uku da masana na Jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro, aka fara yaɗa shi a Afirka ta Yamma a 2007. Idan aka ɗaure shi da kyau iska ba ta shiga, ƙwarin sai su mutu da kansu. Jarka mai murfi mai kyau ma tana yin wannan aiki. Gyaɗa da masara kuwa rumfa ce abokiyar gabarsu, domin tana haifar da guba mai lalata hanta da tauye girman yara. Gyaɗar da ta yi baƙi ko ta yi ɗaci, ko da kyauta aka bayar, ta yi tsada. Haka kuma NAFDAC ta sha gargaɗi a kan ayaba da mangwaron da ake nunarwa da kabayid, da manjan da ake zuba wa rini domin ya yi ja. Araha irin wannan a asibiti ake biyan cikonta.

Abin da ke cikin hatsari ba ƙarami ba ne. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 37 cikin 100 na yara 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, wanda aka yi a 2023 zuwa 2024 kuma ya nuna adadin ya kai kashi 40. Binciken na 2018 ya ce kashi 58 cikin 100 na matan da ke shekarun haihuwa suna fama da ƙarancin jini. Tsumburewar da ta samu yaro kafin ya cika shekara biyu da wuya a gyara ta, tana kuma taɓa ƙwaƙwalwa, ba tsawo kaɗai ba. A ɗaya gefen, ma'aikacin da ya cika ciki da burodi da lemon kwalba da taliyar leda yana tara wa kansa hawan jini da ciwon sukari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade gishiri ƙasa da giram 5 a rana, dunƙulen ɗanɗano kuwa mafi yawansa gishiri ne, kuma ba a cika lissafa shi ba. Harajin Naira 10 a kan kowace lita ta lemon zaƙi da dokar kuɗi ta 2021 ta kawo bai kai ya hana kowa sha ba. Mai kamfani da ke ganin ma'aikatansa na yawan neman izinin zuwa asibiti yana da ruwa da tsaki a wannan magana, kuma ciyar da ma'aikata tuwo ko wake da rana sau da yawa ya fi ƙarin alawus ɗin da zai ƙare a kan lemo da biskit.

Ga 'yan kasuwa, wannan sauyi na ɗabi'ar masu saye kasuwa ce sabuwa. Binciken 2019 da aka ambata ya nuna cewa abincin da ake ci a waje shi ne ya fi kowane abu cin kuɗin abinci na iyalai, don haka mai gidan abincin da ya iya fitar da kwanon wake da ganye da ɗan kifi a farashin leburan gini ba zai rasa masu saye ba a unguwar da gine-gine ba su ƙarewa. Akwai gurbi ga mai niƙa garin kunun yara ya ƙulla shi da tsabta da rajista, ga mai shanya tumatir da kuɓewa a kan raga maimakon bakin titi, ga mai rarraba katan ɗin kifi zuwa ƙananan ƙulli masu nauyin gaskiya, da kuma mai shirya sayayyar haɗin gwiwa ta wayar salula ya kai har ƙofar gida. Ɗakunan sanyi masu aiki da hasken rana, irin waɗanda kamfanin ColdHubs ya fara kafawa a kasuwanni tun 2015, sun nuna cewa ana iya tsawaita kwanakin kayan gwari ba tare da man gas ba. Abin da ke hana ƙananan 'yan kasuwa shiga shi ne jari, domin a ƙarshen 2024 Babban Banki ya kai kuɗin ruwansa kashi 27.5 cikin 100, bankunan kasuwanci kuwa suka ɗora nasu a kai.

A watan Yuli na 2024 Gwamnatin Tarayya ta sanar da dakatar da harajin shigo da masara, alkama, shinkafa da wake na tsawon kwana 150. Wannan mataki, tare da amfanin gonar da aka samu da ɗan daidaituwar Naira, ya sa farashin hatsi ya sauko sosai a cikin 2025, magidanta suka ɗan numfasa. Manoma kuwa suka koka, domin taki da maganin feshi da kuɗin ƙwadago ba su sauko tare da hatsin ba, da yawa sun sayar da masara a ƙasa da abin da suka kashe. Dillalan Dawanau da na Saminaka sun san abin da kan biyo bayan irin wannan shekara. Manomin da ya faɗi a masara yakan rage gonarta a damina mai zuwa, ko ya koma riɗi da waken suya, waɗanda ke da masu saye daga waje.